Zaɓen Iri a Adar da Hatsin da Ya Zo a 2018

A Adar, ƙasar Tawa a Nijar, ba a cin iri. Da wannan doka yaro ke tashi a gidan manomi tun bai iya riƙe sungumi ba. Ana iya sayar da akuya, a jinginar da gona, maigida ya kama hanyar biɗa ya bar iyali da ganyen tafasa da anza, amma damin iri yana nan a ƙuryar rumbu, ko a rataye a ɗakin tsohuwa inda hayaƙi ke korar ƙwari, ba mai taɓa shi sai ruwan shuka ya sauka. Gidan da aka ji sun sussuke irinsu sun ci, kowa ya san yunwa ta kai maƙura. Ba a yi musu gori, sai dai dangi su haɗa musu tiya-tiya ranar shuka.

Zaɓen irin aikin kaka ne, kuma aikin manya. Idan hatsi ya nuna aka yanke, kafin a fara ɗaurin damma, Baba yakan tsuguna gaban tarin zangarniya ya hana yara matsowa. Sai ya ɗauki ɗaya ya gwada ta da damtsensa, ya juya ta a rana, ya bi ta da babban yatsa daga gindi har baki yana neman gurbin da ƙwaya ba ta cika ba. Wadda murzuna ta yi wa zanen nan nata mai murɗawa, gefe. Wadda kuturta ta kama, ganye ya tsiro inda ƙwaya ya kamata ta fito, nesa ma ake jefa ta. In ta tsallake duk wannan sai ya ɓare ƙwaya biyu ko uku ya sa a haƙori. Mai tauri yake so, wadda ke yin ƙas, don ita ce ke shekaru a rumbu ba ta zama gari ba. Ba ya dogon bayani. In ka tambaye shi sai ya miƙo maka zangarniya biyu ya ce, "Duba da kanka." Abin da ido ya gani, da abin da yatsa ya taɓa, da abin da haƙori ya ji, su ne dukan ma'aunin wannan sana'a, kuma da su aka yi hatsin da muke ci.

Sana'ar ta girmi Tawa, ta girmi sarautar Adar nesa ba kusa ba. Masu tonon ƙasa don binciken tarihi sun sami sawun ƙwayar hatsin gida a jikin fasassun tukwane a kwarin Tilemsi, arewa da Gao a ƙasar Mali, masu shekara kusan 4,500. Kakan hatsi ciyawa ce ta bakin Sahara, mai 'yan ƙananan ƙwayoyi da ke zubewa ƙasa da zarar sun nuna. Wasu mutane da sunansu ya ɓace suka yi ta ware wadda ba ta zubar da 'ya'yanta suna sake shukawa, har ciyawa ta zama abinci. Shibra da ke fitowa a gonakinmu, wadda ke riga hatsi nuna ta kuma zube, ita ce shaidar cewa zumuntar da ciyawar ba ta yanke ba har yau. Daga wannan yanki hatsi ya bazu, ya ƙetare teku ya isa Indiya fiye da shekara 3,500 da suka wuce, ya zama abincin talakan can kamar yadda yake na nan.

Tawa kanta ƙauyuka biyu ne na Azna, Bilbis da Fakawa, kafin ta zama gari. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammad al-Mubarak, ya ci Kabi da yaƙi ya karɓe Adar, kuma zuriyarsa ce ke sarautar Illela. Bayansa Abzinawan Kel Geres da Iwillimmidan suka yi ta jan ƙasar tsakaninsu. Wanda ya karanta abin da Farfesa Djibo Hamani ya rubuta kan Adar kafin zuwan Nasara zai ga ƙasa ce da ke tsakanin mai raƙumi da mai hauya, kuma abin da ya haɗa su hatsi ne. Ayari ya sauko da gishiri da dabino, ya koma da hatsi. Mai mulki ya karɓi gaisuwarsa da damma. Ƙasa mai duwatsu da fako, wadda damina ke cika alkawari bana ta saɓa baɗi, dole ta so hatsin da ke jimre ajiya, shi ya sa manyan rumbunan laka na Adar suka yi suna, wasu sun fi ɗakin kwana girma. Irin da ya zauna da mu shi ne Gergera, mai doguwar zangarniya da matsattsiyar ƙwaya. Kowace ƙasa da nata: Zango a wajen Maraɗi, wanda kansa kan wuce mita guda, Haini-kire a ƙasar Zabarma, Ba'angure a gabas, Ankutas mai gajeren kai mai kauri a bakin iyakar noma, Maiwa mai jinkiri a kudu inda ruwa ke daɗewa.

Yunwa ce ta yi ta gyara waɗannan iri. Tsofaffi suna ƙidaya shekaru da ita: Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, sai ta farar 1931, wadda bayanta Faransawa suka matsa da dokar rumbunan ajiya na dole, kowane gida ya zuba a kulle. A 1961 sabuwar gwamnatin Nijar ta shata iyakar noma ta arewa da doka, abin da ke bayanta na makiyaya ne, kuma layin ya ratsa arewa da Tawa. Mu mutanen Barmu, Afala, Kalfu da Takanamat a bakinsa muke noma. Sannan farin 1973 da 1974 ya zo, sai na 1984 da ake kira El Buhari, don ya zo daidai lokacin da gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya. Ruwa ya ja baya zuwa kudu, damina ta gajarce. Manomi bai canza sunan irinsa ba, amma hannunsa ya canza wajen zaɓe ko bai faɗa ba: zangarniyar da ta kai ga nuna kafin ruwa ya ɗauke ita ce ta rage a tarin, ita ce kuma ta shiga damin iri.

Wannan ba zato ba ne, an auna. A 1976 masu bincike na ORSTOM, cibiyar Faransa da yanzu ake kira IRD, suka zaga ƙauyukan Nijar suna karɓar irin hatsi da dawa suna ajiyewa. A 2003 wasu suka koma ƙauyuka 79 da aka je wancan karo, suka sake karɓa, aka shuka tsoho da sabo gefe da gefe. Sakamakon da aka buga a 2011 ya nuna manoma ba su watsar da irinsu ba, amma na 2003 ya fi saurin fitar da kai, zangarniyarsa ta ɗan rage tsawo, kuma ƙwayar gadon da ke sa saurin fure ta kusa ninka yawanta a cikinsa. Cikin shekara 27, ba da na'ura ba, ba da takarda ba, talakawa sun gyara hatsinsu ya dace da damina mai guntun zama. Duk lokacin da na ji ana maganar koya wa manomin Adar amfanin ingantaccen iri, wannan binciken nake tunawa.

Gwamnati ma ta shiga sana'ar. Tun zamanin Nasara akwai gonar gwaji a Tarna kusa da Maraɗi, kuma a 1975, da zafin fari a jiki, aka kafa INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa. Daga irin manoma aka tace waɗanda ma'aikatan gona ke rabawa: HKP daga Haini-kire, CIVT na Tarna, Zatib, har Gergera tamu aka fitar da GR-P1 daga cikinta. Aka buɗe gonakin yaɗa iri, ɗaya a Dukuduku cikin jihar Tawa. ICRISAT, cibiyar duniya ta binciken amfanin gona na ƙasashe masu ƙarancin ruwa, wadda aka kafa a 1972 kusa da Haidarabad a Indiya, ta buɗe reshe a Sadore, kudu da Yamai. A ƙasa kuma aikin Keita ya fara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun FAO, mata suka kwashi duwatsu a ka suka tare ruwa a kan tsaunuka. A 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga a Burkina Faso suka ga yadda ake gyara ramukan shuka, suka dawo suka inganta tassa, fako ya koma gona a wajen Badagishiri. Duk wannan ƙoƙari tambaya ɗaya yake amsawa: dami nawa? Kuma daidai ne, don wanda ya binne 'ya'ya a 1984 ba shi da wata tambaya da ta fi ta.

Shekarar 2005 ce ta tilasta mana wata tambayar. Fara da fari sun taɓa amfanin 2004, farashin tiya ya haura, cibiyoyin tamowa suka cika a Maraɗi da Tawa da Keita. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne bayan an yi kaka mai kyau cibiyoyin ba su rufe ba. Yaro yana shan hura safe da rana, yana cin tuwo da dare, cikinsa ba fayau yake ba, amma ma'aikaciyar likita ta ja fatar idonsa ta ƙasa ta ga fari fat, ta buɗe tafin hannunsa ta ga babu ja. Mai ciki tana haki daga rijiya zuwa gida, tana kwaɗayin farar ƙasa, ranar haihuwa jini kaɗan ya zuba a ce sai an yi ƙarin jini a Tawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya sa wa abin adadi: kashi 73 cikin 100 na yaran Nijar 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini, haka kashi 46 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49. Ba abinci kaɗai ke kawo shi ba. Zazzaɓin cizon sauro na fasa ƙwayoyin jini, tsutsar ciki na tsotsa, ga sikila, ga haihuwa kusa da kusa. Amma babban kaso na rashin sinadarin ƙarfe ne, wanda da shi jiki ke gina jan jini. Abokin tafiyarsa zinki ne, wanda rashinsa ke tsumburar da yaro ya bar shi gudawa na kayar da shi.

Hatsi bai canza ya zama marar amfani ba. A cikin tsabar da ake nomawa yana daga masu ƙarfe, ya fi shinkafa da masara nesa. Abin da ke kewaye da shi ne ya zube. Hurar kakanninmu da nono ake dama ta, tuwonsu da miyar kuka da daddawa da wake, ga nama ko na daji ne, ga yaɗiya da jiga da gasaya a bayan gari, ga magarya da aduwa a aljihun kowane yaro. Fari biyu suka kashe garke, gona ta cinye daji, wake ya zama na sayarwa don biyan bashi. Aka bar hatsi shi kaɗai yana ɗaukar nauyin da abinci goma ke ɗauka a da, kuma a gidaje da yawa hura ta koma farau-farau.

An gwada hanyoyi. Tun 1997 Nijar ke haɗa rabon bitamin A da ranakun rigakafin shan inna, kuma ya yi amfani. Ana ba masu ciki ƙwayoyin ƙarin jini wajen awo, ga wadda ta je, in akwai su. Ana zuba sinadarai a man girki da fulawa a masana'anta. Sai dai hatsin ƙauye ba ya bi ta masana'anta. Daga gona sai rumbu, daga rumbu sai turmi, babu inda wani zai tsaya ya zuba masa komai. In ana son ƙarfe ya shiga hurar matar Afala kullum, to sai dai ya shigo ta cikin iri.

Wannan tunani wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, Howarth Bouis, ya yi ta yawo da shi tun shekarun 1990, masu kiwon iri suna ce masa ƙarin sinadari zai rage yawan amfani. A 2003 aka kafa shirin HarvestPlus a kansa, kuma a 2016 ya raba babbar kyautar abinci ta duniya da Maria Andrade, Robert Mwanga da Jan Low, masu dankali mai ruwan lemo. A Najeriya rogo mai ruwan ɗorawa, mai bitamin A, ya fito a 2011. Aikin ba na cusa wa shuka ƙwayar gadon wata halitta ba ne. Zaɓe ne da barbara irin na gargajiya, bambancin kawai shi ne an ƙara wa mai zaɓe ido: na'urar da ke haska tsaba ta faɗi miligiram nawa na ƙarfe da zinki ke cikin kilo.

Da aka bi dubban irin hatsin da ke ajiye a ICRISAT da wannan awo, sai aka ga masu ƙarfe da yawa kusan duk jini ɗaya ne: Iniadi, hatsin manoman arewacin Togo da Gana da kudancin Burkina, mai saurin nuna, mai manyan ƙwayoyi masu ruwan toka, mai gajeren kai. Tun kafin a san da maganar ƙarfe an riga an kai shi Indiya, an tace ICTP 8203 daga cikinsa, an sake shi ga manoman jihar Maharashtara a 1988, sun shuka shi a dubban ɗaruruwan hekta saboda saurinsa da girman ƙwayarsa. Daga cikin wannan ne Kedar Rai na ICRISAT da abokan aikinsa suka sake zaɓen masu ƙarfe, aka sami Dhanashakti, wanda aka saki a 2012 a jihar, a 2014 a Indiya baki ɗaya. Sannan aka gwada shi a jikin mutane, wanda shi ne gwajin da ya fi. A Benin, a binciken da aka buga a 2013, ƙarfen da jikin 'yan mata ya ɗauka daga tuwon wannan hatsi ya ninka na hatsin da aka saba. A Maharashtara yara 246 'yan shekara 12 zuwa 16 suka ci gurasarsa wata shida a makarantar kwana, kuma sakamakon 2015 ya nuna ajiyar ƙarfen jikinsu ta ƙaru cikin wata huɗu, waɗanda suka fara da rashi sun fi saurin farfaɗowa.

A 2018 INRAN da ICRISAT suka saki ɗan wannan gida a Nijar da sunan Chakti, bayan gwaji a Sadore ƙarƙashin Prakash Gangashetty da gonakin manoma. Shi ne hatsi na farko a Afirka da aka saki don ƙarfensa. Yana da sama da miligiram 65 na ƙarfe a kilo, inda irin da aka fi shukawa ke da wajen 47, ga zinki wajen 58. Tiya guda, mai kilo biyu da rabi, tana ɗauke ke nan da ƙarin miligiram 45 kafin ta shiga turmi. Yana nuna cikin kwana 65 zuwa 70, inda namu ke neman wata uku, kuma yana jure kuturta. A lokacin, saboda yarjejeniyar iri ta ƙasashen CEDEAO, wanda aka yi wa rajista a ƙasa ɗaya ana iya sayar da shi a sauran. Hatsin da kakanninsa suka tashi daga bakin Sahara, aka rene shi a Togo, aka tace shi a Indiya, ya dawo Sahel. Ba na kallonsa a matsayin baƙo. Ɗan uwa ne da ya daɗe a tafiya.

Amma takardar Sadore daban, gonar Adar daban. Wani kawuna a wajen Barmu ya sami ɗan ƙulli ya shuka a gefen gonarsa ta kusa da gida. Na iske shi a watan Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, Gergera tana ta ganye ko kai ba ta fitar ba, shi kuwa wannan har ƙwaya ta kama. Jikoki suna gasa tumu a bakin murhu. Na ce, "Kawu, yaya sabon hatsin?" Ya karyo zangarniya ɗaya ya ɗora a tafin hannunsa, da kaɗan ta wuce taƙi. Ya ce, "Ɗana, sauri ba a ƙwace masa, ƙwaya kuma ka ga girmanta. To amma da me zan ɗaure wannan?"

Ba ƙaramar magana ya yi ba. Dami a wurinmu ba ɗauri kawai ba ne, shi ne lissafi. Da shi ake fitar da zakka, ɗaya cikin goma. Da shi ake biyan wanda ya taya girbi, da shi ake cin bashi a biya, da shi ake cewa wane ya yi ɗari bana. Da zangarniyarsa ake jera hatsi a rumbu ya sha iska, mace ta zaro na yini ta sussuke. Gajeren kai zamewa yake daga igiya, sai an bi shi da kwando ko buhu, buhu kuma kuɗi ne. Karansa ma bai kai namu ba, alhali da kara ake danni da rufi, shi ne kuma abincin dabba a watan Afrilu. Ga tsuntsu. Gonar da ta riga kowa nuna ita ce ke ciyar da jan-bakin gari duka, yaran kawu sun wuni suna kaɗa gwangwani. Shi da kansa ya gano inda amfaninsa yake: shekarar da aka yi binne ko shukar farko ta ƙone, aka shiga Yuli babu tsiro, Gergera ba za ta kai ba, wannan zai kai. Sannan a shekara mai kyau yana ba da abin dakawa a makonnin nan masu wuya kafin kaka, daidai lokacin da zazzaɓi ke cin jinin yara. In maƙwabta suka haɗa baki suka shuka tare, ɓarnar tsuntsu ta rabu.

Matsalar da ta fi waɗannan zurfi ita ce ƙarfe ba ya ganuwa. Dankali mai ruwan lemo ka yanka ka gani, rogo mai ruwan ɗorawa garinsa ya nuna kansa. Hatsi mai miligiram 65 da mai 47, ba yatsa ba haƙori da zai raba su. Mu kuwa mutanen gani ya kori ji ne, da shi muka rayu shekara dubbai. A karo na farko ana ce wa manomi ya zaɓi iri don wani hali da sai dai a faɗa masa. Ga shi hatsi ba ya auren kansa: iska ce ke ɗaukar garin furensa daga gona zuwa gona, shi ya sa shibra ba ta ƙarewa. Chakti da aka shuka kusa da wani iri, in furensu ya haɗu, 'ya'yan gauraye ne. Bayan damina biyu ko uku mai ajiye irinsa yana riƙe da suna kawai, ƙarfen yana ta raguwa bai sani ba. Kuma in ya zaɓa yadda ya gada, ya ɗauki mafi tsawon kai, to gaurayen yake ɗauka. Dole ke nan a riƙa sabunta iri daga wurin wanda ya noma shi a keɓe, dole kuma a yarda da wannan mutum. A kasuwa ba abin da zai hana wani ya zuba kowane hatsi mai ruwan toka a leda ya kira shi da sunan. Ƙungiyoyin manoma irin su FUMA Gaskiya a Maraɗi da Mooriben a yamma sun nuna talakawa na iya noman iri mai shaida su sayar wa junansu. Arewacin Adar na buƙatar irinsu a kusa, mutanen da in iri ya ƙi tsira an san ƙofar gidansu.

Sauran labarin a turmi yake, kuma a hannun mata. Ƙarfen hatsi ya fi taruwa a bayan ƙwaya da idonta, wato inda surfe ke ci. Binciken da aka yi a Burkina Faso ya nuna kaso mai yawa na ƙarfe na fita da dusa, ko da yake irin mai ƙarfe, bayan an surfe shi, yana nan gaba da na gama-gari. Matar Adar tana alfahari da hura mai haske da laushi, ta surfe ta wanke ta sake, dusa da ƙasari su tafi wurin tunkiya. Ba zan ce ta bari ba, don a dusar nan akwai wani sinadari, fitat, da ke ɗaure ƙarfe ya hana hanji ɗauka, ga ɗaci, ga saurin lalacewar gari. Ko a gwajin Benin jiki bai ɗauki ko kashi ɗaya cikin goma na ƙarfen da ke cikin tuwon ba. Abin da ke taimako kuwa duk muna da shi tun da: surfe marar tsanani, jiƙo, barin ƙullu ya kwana ya yi tsami kamar na koko, kunun tsamiya, garin kwalba ta kuka a hura, miyar yakuwa, matsin lemun tsami a kwaɗon zogale. Abin da ke hanawa shi ne shayi mai kauri a kan abinci, wanda yanzu ya shiga kowane gida har yara na sha. Duk mai raba Chakti da bai zauna da masu daka ya yi wannan hira ba, rabin aikin ya yi.

Ra'ayina shi ne a karɓe shi hannu biyu, amma kada a ce ya maye gurbin Gergera. Irin da ya tsallake 1973 da 1984 a kan duwatsun nan yana ɗauke da sanin da ba a gama karantawa ba, kuma gidan da ke da iri biyu ko uku masu tsawon kwana daban ya fi mai ɗaya tsira a daminar da ba ta da tabbas. Aikin da ya rage shi ne a sa ƙarfen a cikin namu: a haɗa jinin Iniadi da Gergera, a yi ta zaɓe har a sami doguwar zangarniya mai ɗauruwa, mai kara, mai miligiram sittin da wani abu. Aiki ne na shekaru, don ƙarfe ba ƙwayar gado ɗaya ke riƙe da shi ba, sai iyaye biyu sun kawo nasu, amma ba gagara ba ne. Indiya ta ɗauki wata hanya a 2018 da ta burge ni: ta ce ba za a ƙara sakin sabon irin hatsi ba sai yana da aƙalla miligiram 42 na ƙarfe da 32 na zinki a kilo. Da haka maganar ta fita daga iri ɗaya na musamman ta shiga kowane iri, manomi ya zaɓi wanda idonsa ke so, ƙarfen ya biyo shi. Nijar, da ke girbe sama da tan miliyan uku na hatsi a shekara mai kyau, ta fi kowa cancantar irin wannan doka. Jami'ar Djibo Hamani da ke nan Tawa tana da sashen noma, ɗalibanta 'ya'yan manoman nan ne, su ya kamata su bi rumbunan Kalfu da Bambai da Tamaske su auna abin da ke ciki. Ba mamaki a cikin Gergerar wani tsoho akwai wadda ta fi 'yan uwanta ƙarfe, ba wanda ya taɓa ɗora ta a na'ura.

Kafin nan, wanda ke hannu a fara kai shi inda zai shiga tukunya. Gandu na maigida ne, kuma a ƙauyukanmu da yawa maigidan yana Abijan ko Libiya lokacin da ake yanke shawarar shuka, in ya dawo ma hatsin gandu ne ke tafiya kasuwa ranar buƙata. Gamana ta mace ce, abin da ta girba a ciki shi ke zama kunun mai jego da na yaye. Rabin kilo ya ishi kusurwar gamana. A ƙulla shi ƙanana yadda kuɗin sayar da ƙuli ko kaza ɗaya zai saya, da sunan ƙungiyar da ta noma shi da shekarar girbinsa a jiki, ya kasance a kasuwar Lahadi ta Tawa da kasuwannin Barmu da Tabalak tun watan Mayu. In ruwan shuka ya sauka da dare, da asuba kowa yana gona, ba mai jiran motar da za ta taso daga Yamai.